Darasi na 9: Asusun Jin Ƙai da Yaran da Ba a Ƙirga Ba

Jagora ta karanta wannan darasi a bayyane bayan an gama zubi, kafin a kulle akwati. Zai ɗauki kamar minti 40. Duk wadda take da katin rigakafin yaranta ta zo da shi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda ke bin unguwa gida-gida, kuma na daɗe ina aiki a yankin Nassarawa a nan Kano. Idan na ce wa mutane har cikin Nassarawa GRA nake shiga, dariya suke yi. Wai me nas za ta yi a unguwar da kowane gida da mota biyu, ga kuma Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda muke ce wa Asibitin Nassarawa, a tsakiyarta? To, ku da kuke zaune a nan kun san amsar. Bayan kowane babban gida a Sultan Road ko Lamido Crescent akwai ɗakunan ma'aikata can baya. Akwai maigadi da iyalinsa, da direba, da mai aikatau, da masu zaman gadin kango. Da yawa daga cikin mambobin ƙungiyoyinmu daga waɗannan ɗakuna suke, wasu kuma daga Badawa, Giginyu da Gama suke shigowa aiki kullum.

Ga abin da na gani da idona. Idan ana zagayen rigakafi, masu allura su ƙwanƙwasa get. Maigadi ya leƙo, a tambaye shi, "Akwai yara a gidan?" Ya ce, "Yaran Alhaji a asibitin kuɗi ake yi musu." Shi ke nan, a yi alama da alli a bango a wuce. Gaskiya ya faɗa. Amma nasa yaran uku suna can baya, ba wanda ya tambaya, shi ma bai ɗauka da su ake ba. A takarda an gama da gidan nan. A wurin horo ana yawan yi mana maganar adalci a harkar lafiya, ni dai a bakin get ɗin nan na fahimce ta: an je kowane gida daidai wa daida, amma wanda ya fi bukata ba a kai gare shi ba.

Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Najeriya, kuma a 2023 Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Mafi yawansu yara ne da ba a yi wa rigakafi ba, ko aka fara ba a ƙarasa ba. A cikin daminar shekarar wata matar maigadi ta tare ni a hanya. Ta ce, "Sista, don Allah ki duba min yarinyar nan, kwana huɗu ba ta iya haɗiyar koko." Yarinyar shekararta shida. Wuyanta ya kumbura, jikinta da zazzaɓi, da na haska maƙogwaron na ga wani abu fari-fari mai launin toka ya manne. Na ce, "Haba 'yar uwa, me ya hana ki kai ta tun shekaranjiya?" Ta sunkuyar da kai. Maigidanta ba ya iya barin get, albashi sai ƙarshen wata, ita kuma kunyar tambayar Hajiya take yi don ba a daɗe da taimaka mata ba. Abin da ke hannunta ta kai kyamis. Har surukarta ta aiko daga ƙauye cewa a kira wanzami ya cire belu. Allah ya taimaka wanzamin bai zo ba, don taɓa irin wannan maƙogwaro da ƙarfe jini zai jawo, ya ƙara toshe numfashi.

Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi, amma ta daɗe a kwance, kuma bayan an sallame ta ta yi makonni tana magana ta hanci, ƙafafunta ba ƙarfi. Mashaƙo guba yake saki a jiki, wadda take taɓa zuciya da jijiyoyi. Allurar da ke kashe gubar tana tare wadda ba ta riga ta shiga naman jiki ba ne kawai, shi ya sa jinkirin kwana ɗaya ma asara ne. Kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti, shi ne fa abin da ya tsayar da matar nan kwana huɗu.

Yanzu mu zo kan akwatinmu. Wannan tsari na adashen gata da muke bi, a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi a Nijar, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. A tsarin, ban da kuɗin zubi da ake ba da rance da su, akwai ƙaramin asusun jin ƙai wanda kowace mamba take saka daidai da na kowa, kuma ba a ɗora masa riba. Na zauna da ƙungiyoyi da yawa, kuma zan faɗa muku ra'ayina ko da ba zai yi daɗi ba: yawancinmu suna da biki ne suke cinye wannan asusu. Ban ce gudummawar suna laifi ba ce. Amma suna ana saninsa tun wata tara. Ciwon dare ba ya sallama.

Ku yi lissafi. Idan ku 25 ne, kowace tana saka naira 200 a mako, naira 5,000 ke nan, a wata huɗu-huɗun mako naira 20,000. Ba zai biya kuɗin tiyata ba, kada mu yaudari kanmu. Amma zai biya mota, da kati, da gwajin farko, ya kai mara lafiya gaban ma'aikaci yau maimakon jibi.

Sai dai akwai matsala ɗaya. Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, makullai a hannun mata uku, kuma ba a buɗe shi sai a gaban taro. Wannan doka ce mai kyau, ita ta tsare mana amana. To amma ƙarfe biyun dare, mace tana zubar da jini bayan haihuwa, wa zai tara masu makulli? Shawarata ita ce ƙungiya ta amince a cire wani adadi, a sa a ambulan, a rubuta a littafi, a ajiye wurin mamba ɗaya da kowa ya yarda da ita, wadda wayarta ba ta kwana a kashe. A kowane zama ta kawo a ƙirga a gaban kowa. Kuma ku nemi mai adaidaita ko direba ɗaya ko biyu a unguwa tun yanzu, ku yi magana da su, kowace mamba ta riƙe lambarsu. A GRA titi yakan yi tsit da dare, kun fi ni sani.

Ku rubuta a dokar ƙungiya abubuwan da za a ba da kuɗin nan a kansu ba tare da jiran taro ba. Ga mai ciki ko mai jego: zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko naƙudar da ta wuce awa 12. Ga yaro: ya ƙi kama nono ko shan komai, yana aman duk abin da ya ci, jijjiga, numfashi da sauri ko da kyar, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya. Wadda ta zo da ɗaya daga cikin waɗannan, a ba ta, tambaya daga baya.

Wasu abubuwan kuma ba kuɗi suke bukata ba, tuni suke bukata. Rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ana yi ranar haihuwa, sannan a mako 6, mako 10 da mako 14, sai wata 9, sai wata 15. Allurar Penta da ake yi sau uku a makonnin nan ita ce mai kare yaro daga mashaƙo, tare da tarin shiƙa da sandarewar wuya da wasu biyu. Sau ukun ake so, ba ɗaya ba. Idan yaro ya ɗan yi zazzaɓi bayan allura, abu ne da aka saba, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda aka fara masa aka tsaya, ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya za a ci gaba, kuma kada jin kunyar faɗan nas ya hana ki komawa. Na san wasunmu muna da faɗa, a yi mana haƙuri.

Akwai kuma wani haƙƙi da mata da yawa ba su san da shi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, don masu ƙaramin ƙarfi, musamman masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5. A Kano hukumar KSCHMA ce ke yi wa mutane rajista. Ku wakilta mata biyu su je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku su tambayi shugaban wurin yadda ake shiga da lokacin da ake ɗauka, su tafi da katin NIN. Ba kowa ake samu a ɗauka nan take ba, amma wadda ta je da sunan mata 25 ta fi samun kunne a kan wadda ta je ita kaɗai.

Aikin yau: sakatariya ta buɗe sabon shafi a bayan littafin ƙungiya. Kowace mamba ta faɗi yaran da ke kwana a ɗakinta 'yan ƙasa da shekara 5, har da na riƙo, da jikoki, da ƙannen 'yar aiki idan akwai. A duba katin kowane, a rubuta allurar da ta rage da ranar da za a koma. Wadda katinta ya ɓata ta faɗa, a sa alama a gaban sunan yaron. Kafin zama na gaba kuma, kowace ta tambayi maƙwabciya ɗaya da ba ta cikin ƙungiya, musamman wadda ba ta daɗe da zuwa daga ƙauye ba, ko yaranta suna da kati. Ku zo da sunayen mako mai zuwa, tare da adadin da kuka yanke za a sa a ambulan.