Kiɗan Yanayi da Tsirkiyar Guqin ta Ƙasar Sin

Akwai wani nau'in kiɗan lantarki da ba a yin sa domin rawa. Babu ganga a cikinsa, babu amshi. Amo ne mai tsawo da yake cika ɗaki sannu a hankali kamar hayaƙin turaren wuta. Brian Eno, mutumin Ingila, shi ne ya raɗa masa sunan da za a iya fassarawa da "kiɗan yanayi", a faifansa na 1978 wanda ya shirya domin filayen jirgin sama. Daga cikin kayan kiɗan gargajiya na ƙasar Sin da ake gwamawa da shi, guqin ya fi cancantar nazari.

Guqin katako ne mai tsawo, mai tsirkiya 7, waɗanda a da ake murzawa da siliki. A gefensa akwai ɗigo 13. Ba ado ba ne, lissafi ne. Idan makaɗi ya ɗora yatsa sama-sama a kan ɗigon tsakiya sannan ya kaɗa, sai tsirkiyar ta yi karkarwa gida biyu, yawan karkarwarta a daƙiƙa ya ninka, amo siriri mai kama da ƙararrawa ya fito. Sauran ɗigogin suna raba ta gida uku, huɗu, biyar da sauransu. Wannan tataccen amo ya yi kusa da wanda na'urar haɗa sauti take fitarwa, shi ya sa idan an gwama su kunne ba ya saurin gane mahaɗa.

Sai dai na'ura tana da iyaka. Madannanta sun yanka sauti hawa-hawa, mataki 12 kafin murya ta ninka, alhali makaɗin guqin yana jan yatsa a tsakanin matakan, har a ji gogar fata a kan tsirkiya yayin da amon yake mutuwa. Kwaikwayon wannan da lantarki zalla yakan fito a bushe. Saboda haka masu fasaha sukan ɗauki sautin ainihi, a auna shi sau 44,100 a daƙiƙa kamar yadda ake yi wa faifan CD, a riƙa maimaita guntunsa.

Haka Zhang Jian da Christiaan Virant na ƙungiyar FM3 suka yi a Beijin. A 2005 suka fitar da Buddha Machine, ɗan akwatin roba mai kama da rediyon aljihu, mai juya guntayen kiɗa 9 ba tsayawa. Samfurin da suka fitar a 2010 kuwa, da sautin guqin suka gina shi.