Muryar tsohon Zermu da ta ɓata a cikin waya

Ɗalibin tarihi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram yakan hau mota zuwa Zermu, ya zauna awa biyu gaban wani dattijo yana naɗar labarin kafuwar gari da wayarsa. Kafin shekara ta zagayo an sace wayar, dattijon kuma ya riga mu gidan gaskiya. In ma muryar ta tsira, tana nan da suna irin AUD-0457, ba wanda ya san mai magana, balle ranar da aka yi hirar.

Marigayi André Salifou, wanda jami'ar ta ci sunansa, ya fitar da littafinsa kan Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971, har yau ana karanta shi. Fayil ɗin ɗalibin yau da ƙyar yake kai shekara biyar.

Maganin shi ne a mayar da adana kayan dijital darasi tun shekarar farko, a kowane sashe, kuma da hannu za a koya. Farko sanya suna: shekara, wata, rana, gari, sannan abin da ke ciki. Sai bayanin fayil. Tsarin Dublin Core yana da gurabe 15, amma ko biyar ɗalibi ya cike, wato mai magana, wuri, rana, harshe da mai haƙƙi, ya yi rabin aikin. Gurbin haƙƙin nan aka fi rainawa. Malamin zaure da ya buɗe gafakarsa aka ɗauki hoton takardun ajaminsa, sai an tambaye shi ko ya yarda a sa su a intanet.

Asalin hoto a ajiye shi a TIFF, murya a WAV, rubutu a PDF/A. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi, ba rumbu ba ne.

Kwafi uku ake so, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari, domin zafin bazara, ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ba sa barin na'ura ta tsufa. A Yamai akwai cibiyar bincike ta IRSH, mai riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, wadda za a iya neman haɗin gwiwa da ita. Manhajar DSpace kyauta ce, jami'a za ta iya kafa rumbunta a kai, ta kuma sa sharaɗi: ba a kare kundin digiri sai ɗalibi ya zuba muryoyinsa da hotunansa a ciki, kowanne da bayaninsa.