Darasin Kiwon Lafiya: Ɗumama Jiki Kafin Wasa

Darasinmu na yau a kan ɗumama jiki ne, wato motsa shi sannu a hankali kafin a ɗora masa aiki mai nauyi.

Kun san sanyin hunturu a nan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, musamman a watannin Disamba da Janairu. Mai babur ma idan ya tayar da shi da asuba, yakan bari injin ya ɗauki ɗumi kafin ya hau. To, jikinka fa? Tsokar da ta kwana cikin sanyi kamar busasshiyar fata take, ka ja ta da ƙarfi ta tsage. Idan ka fara motsawa, zuciya za ta ƙara bugawa, jini ya isa ga tsoka, gaɓoɓi su saki. Ka lura da 'yan kokawa lokacin kaka: ana kiɗa suna tsalle-tsalle suna zagaya fage, kafin su kama juna.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+. A binciken da aka buga a 2014 a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, masu bin tsarin raunukansu sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. Ashe gaskiyar Bahaushe, riga-kafi ya fi magani.

Ga yadda za ka yi kafin ƙwallo, langa ko tsere:

1. Fara da tafiya, sannan sassarfa, na minti 5.
2. Jujjuya wuya, kafaɗu, ƙugu da idon sawu a hankali.
3. Tsuguna ka miƙe sau 10.
4. Gwada abin da za ka yi a wasan, ba da dukan ƙarfinka ba.

Idan zufa ta fara tsattsafo maka, jiki ya shirya. In ka ji zafi a wata gaɓa, dakata, ka gaya wa malam. Targaɗe ɗaya yana iya zaunar da kai a gida, har 'yan ajinku su wuce ka a hadda.

Iyaye, don Allah a riƙa tuna wa yara.

Tambaya: Me ya sa ɗumama jiki ya fi zama wajibi a lokacin hunturu? Kawo amsarka ranar Asabar.