Na Rage Ƙiba, Amma Ƙarfina Ya Ragu

Tambaya: Shekaruna 67. Na rage ƙiba saboda hawan jini, amma yanzu tashi daga tabarma na ba ni wuya. Yaya zan yi? Hajiya, daga Zariya.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Idan mai shekaru ya rage nauyi, tsoka kan bi kitse ta tafi. Kada ki ƙara matse ciki. Ki rage tuwo, ki yawaita wake, ƙwai, kifi da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki minti 150 a mako, tafiya ma ta isa. Kullum ki zauna a kujera ki tashi sau 10. Shayin rage ƙiba na 'yan talla kuwa, ki guje shi. In ramar ta ci gaba, ki koma wurin likita.