Lambar P0171 ba ta ce a sayi kaya ba

Malam, ka ce fitilar inji ta kunnu, na'ura ta nuna P0171, makaniki a Matamaye ya ce a canza sansar iskar salansa. Kada ka yi gaggawa. Tsarin OBD-II da ke ba da wannan lamba, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, alamar ciwo yake faɗa, ba ya nuna ɓangaren da ya lalace. Ma'anar lambar ita ce iska ta rinjayi mai a cikin inji. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, kuma ake shan man kwalba na bakin hanya, abin zargi na farko shi ne datti. A duba tiyon iska ko ya tsage, a wanke sansar da ke bayan filtar iska, a duba filtar mai.

Wani zai ce na'ura ta fi ido gani. Gaskiya ne, amma sansar salansa rahoto kawai take kaiwa, kuma sau da yawa rahotonta daidai ne. Goge lambar ma ba gyara ba ne, za ta dawo. In fitilar ta fara walƙiya kuwa, ka tsaya, kada ka kama hanyar Damagaram.