Mura Ce Kawai? Abin da Ƙaramin Ciwo Ke Yi wa Mai Ciwon Suga

Hunturun bara mura ta kwantar da gwaggona, wadda ta daɗe tana fama da ciwon suga. Kwana biyu ba abin da ya shiga cikinta sai ɗan kunu. Da na huda mata yatsa na gwada, na'ura ta nuna 310. Ta dube ni ta ce, "Yo ni da ban ci komi ba, ina sugan ya hito?"

Daga hanta ya fito. Duk lokacin da cuta ta shiga jiki, ko mura ce, ko maruru, ko ciwon haƙori, jiki yakan saki wasu sinadarai irin su kotisol da adirenalin. Su ne ke sa hanta ta juye sugan da ta ajiye cikin jini, har ta haɗa wani sabo, don a samu ƙarfin yaƙar cutar. Kuma suna dakushe kaifin insulin. Mai lafiya jikinsa zai ƙara insulin, shi ke nan. Mai ciwon suga kuwa ba shi da wannan rarar, sai suga ya yi ta hawa ko da bai ci loma ɗaya ba.

Idan ya hau, fitsari ya yawaita, ruwan jiki ya ragu. Haɗa wannan da gumin zazzaɓi da zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ke wuce digiri 40, ka ga jiki ya bushe nan da nan, suga ya ƙara taruwa a jini.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne mai allurar insulin ya ce tunda bai ci abinci ba, bari ya bar allura. Kada a yi haka. In babu insulin jiki zai koma ƙona kitse, jini ya yi tsami. Alamunsa amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, sai suma. Wannan yana kisa, kuma ya fi samun matasa irinmu masu nau'i na ɗaya.

Sai dai fa ba kullum hawa yake ba. Maleriya mai tsanani tana iya saukar da suga, haka ma maganin kwinin. Wanda ya sha glibenclamide sannan ya amayar da abinci, shi ma nasa zai faɗi. Abin haushin, karkarwa da gumi da jiri sun yi kama da na maleriyar kanta, ido ba zai raba maka su ba. Gwaji ne kawai. In ya gaza 70, a jiƙa babban cokali ɗaya na suga a ruwa a ba shi, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti za a yi.

A kula da kemis kuma. Dexamethasone da prednisolone suna ɗaga suga sosai, wasu magungunan tari na ruwa ma da suga ake haɗa su. Ka faɗa wa mai kemis cewa marar lafiyar yana da ciwon suga. Mai shan metformin, in amai da gudawa sun yi yawa, a tambayi likita, don wani lokaci akan dakatar da shi.

Ranar rashin lafiya a riƙa gwaji duk bayan awa uku zuwa huɗu, ana rubutawa, ana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Na san tsinken gwaji da tsada, amma kuɗin gado ya fi shi. In lamba ta tsaya sama da 250 (wato kusan 14 a na'urorin da ke amfani da ƙananan lambobi), ko ruwa ma ba ya zama a ciki, a nufi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko da dare ne.

Gwaggo dai a daren muka kai ta, aka ƙara mata leda biyu na ruwa, aka gyara mata magani. Kwana uku aka sallame ta.