Waɗanda Ke Tsaye Bayanka

Ɗana, labarinka ya iso mini. An ce yanzu ba a biki tsakanin Cadawa da Agye ba a neme ka ba, har Gazawa ana aiko maka da goron gayyata, kuma samari na tura wa juna waƙarka a waya. Na yi murna, Allah ya ƙara ɗaukaka. Sai dai da na tambayi su wa ke yi maka kiɗa da amshi, mai ba ni labarin ya ce "yaransa ne kawai", bai iya kawo sunan ko ɗaya ba. A kan wannan nake so mu yi magana.

Ka san Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Kafin ya zama jagora ya daɗe a baya. Ya yi wa mahaifinsa Usman Ɗankwanda amshi tun yana yaro, lokacin suna kiɗan noma, daga baya ya zauna ƙarƙashin yayansa Kurna a matsayin Daudun kiɗa, wato mataimakin jagora. Ko sunan da duniya ta san shi da shi, masu ba da tarihinsa sun ce na wani ɗan amshin mahaifinsa ne mai zaƙin murya, aka ga muryar yaron ta yi kama da tasa, aka laƙaba masa. Ka saurari kowace waƙar Ɗanƙwairo da kunnen basira. Shi yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari, su dire kan gindin waƙa tare, kotso na tafe da su ba gaba ba baya. Wannan ba ya samuwa a dandali. Sai an zauna a gida an yi ta bita, an yi gardama kan kalma guda, wani ya ce wannan ta yi nauyi, wani ya kawo wadda ta fi ta. Haka ƙungiyar Ibrahim Narambaɗa ta yi aiki a fadar Sarkin Gobir na Isa. Waƙoƙin da muke kira na mutum ɗaya, kawuna da yawa ne suka haɗu a kansu.

Na Mamman Shata wani salo ne daban. Shi nan take yake ƙirƙira, 'yan amshi na maimaita gindi. Mai kallo daga nesa zai ce aikinsu ba wuya. To amma a wannan ɗan tsakanin da suke amshi ne yake numfasawa, ya dubi taro, ya shirya abin da zai faɗa gaba, masu kalangu kuma na riƙe masa da zaren waƙar kada ya tsinke. Ya rasu a 1999, an rubuta littattafai a kansa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Ka tsaya a tashar Cadawa ka tambayi masu son waƙarsa su kawo maka sunan makaɗinsa guda. Kaɗan ne za su iya, kuma wannan yana damuna ƙwarai, don waɗannan bayin Allah sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kan hanya, sun bar gonakinsu da iyalansu suna bin sa gari gari.

Wanda bai son ɗaukar nauyin jama'a yana da hanya. Ɗanmaraya Jos ya rayu da kuntiginsa shi kaɗai, kuma ya yi suna har ƙasashen waje. Amma kai ka zaɓi tafiya da mutane, haƙƙinsu ya hau kanka.

Abin ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A Holan an yi wani mawaƙi, Herman Brood, da ya kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Wild Romance a 1976. Waƙar da ta fi fito da shi, "Saturday Night", tare suka tsara ta da mai kaɗa masa jita, Dany Lademacher, ɗan ƙasar Beljiyam, kuma an rubuta sunan Dany a jikin faifan, shi ya sa har yau ake tuna shi. Makaɗa da yawa sun shiga ƙungiyar sun fita, jagoran kuma shaye-shaye ya cinye masa lafiya har ya hallaka kansa a Amsterdam a 2001. Na kawo maka shi don abu biyu: rubuta suna da suka yi daidai ne, ka ɗauka; ƙwaya kuwa, kada ka bari ta shigo cikinku da sunan maganin gajiyar kwanan biki. In jagora ya sha, na baya ma za su sha, kuma su ne ba su da kuɗin asibiti.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ke raba yawancin ƙungiyoyi. Abin da aka liƙa muku a fili, a zauna a ƙirga shi gaban kowa tun kafin a watse, kowa ya san kasonsa tun ba a fita daga gida ba. Kada ka mai da rabon ya zama kyauta da kake yi in ranka ya yi daɗi. Wanda ya kawo karin waƙa ko ya gyara baiti, ka faɗa da bakinka, in kuma za ka kai waƙar rajista ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA a Yamai, a sa sunansa. Aston Barrett, wanda ya yi wa Bob Marley kiɗa shekara da shekaru, ya kai ƙara kotun Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙinsa, a 2006 kotu ta kori ƙarar. Abin da ba a daidaita shi ana tare ana dariya ba, da wuya alƙali ya daidaita shi bayan rai ya ɓaci.

Ka kuma tuna yaranka manoma ne. In damina ta faɗi, kada ka karɓi bikin da zai hana mai ganga noman geronsa, ko ya sa wani ya bar ayarsa a ƙasa lokacin haƙa, sai fa in abin da za ka ba shi zai rufe asarar.

Wata rana ɗaya daga cikinsu zai zo ya ce yana son ya kafa tasa ƙungiyar. Zai yi maka zafi, musamman in shi ne mai muryar da ka fi dogara da ita. Ka sa masa albarka, ka ba shi aron kayan sauti a bikinsa na farko, ka je ka zauna a gaba inda mutane za su gan ka. Kafin wannan rana ta zo, a bikin da za ku yi na gaba, ka dakatar da kiɗa a tsakiya, ka kira kowane ɗayansu da sunansa da na mahaifinsa da garinsu, mai ɗaukar bidiyo yana ɗauka. In kun je situdiyo a Maraɗi ma, a faɗi sunayen a cikin waƙar kanta.

Ka gaishe mini da su duka, ka kuma zo da su gida bayan girbi in gan su.